Godiya ga waɗanda suka riƙe ni a Alƙahira da waɗanda suka tarbe ni a Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, walimar kammala karatuna da aka yi ranar Asabar a gidanmu na Mabera ta tashi lafiya. Ni da Baba da Inna muna godiya ga duk wanda ya tako, da wanda ya aiko, da wanda uzuri ya tsare ya bugo waya. Malamaina na allo da na Islamiyya, kawunnaina da suka taso tun da asuba daga Wurno da Gwadabawa, gwaggonnina da suka kwana bakin murhu, da samarin unguwa da suka kafa rumfa suka kwashe kujeru, Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Sai dai akwai mutanen da ko loma ɗaya ba su ci ba a wannan walima, alhali da su aka yi wahalar. Suna can Masar. Don su na zauna rubuta wannan, ina so mutanen gida su san su, su sa su a addu'a.

Na sauka Alƙahira ina ji da Larabcina na littafi, sai na tarar direban bas da mai shago wani Larabci suke yi daban, da ƙyar nake tsintar kalma. Wani yayanmu ɗan Tawa ta Nijar, wanda ya riga mu zuwa Jami'ar Azhar, shi ya ɗauke ni kamar ƙaninsa. Ya sama mini katifa a ɗakinsu na unguwar Hayyul Ashir, ya koya mini motar da ake shiga zuwa unguwar Darrasa da ke kusa da masallacin Azhar, ya tsaya da ni a layin neman iƙama, wato takardar izinin zama ƙasar, tun sanyin safiya har la'asar, ranar da shi ma yana da darasi. Yaya, ban taɓa jin ka yi mini gori ba. Allah ya ba ka abin da kake nema.

Sai 'yan ɗakinmu. Girki bi da bi muke yi, tukunya ɗaya, asusu ɗaya. Wanda aka aiko wa kuka da daddawa da yaji daga gida, ya san ba nasa ba ne shi kaɗai. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, kuɗin da Baba ke turowa suka koma ba su kai rabin wata. Fam ɗin Masar ma ya faɗi a watan Maris na 2024, kayan masarufi da haya suka tashi. A wannan tsakanin mun yi zaman ful, wato dafaffen wake, da burodin aish da safe, koshari, wato haɗin shinkafa da taliya, da dare, nama sai a labari. Amma ba a taɓa buɗe littafin asusu an ce wane bai zuba ba. Ɗan Gombe da ke riƙe da kuɗin ya san watannin da ban kawo komai ba, ya rufa mini asiri, har yau sauran ba su ji daga bakinsa ba.

Mu Sakkwatawa zafi muka sani. Sanyin hunturunmu hantsi na yi ya sake ka, na Alƙahira kuwa a watan Janairu wuni yake yi cikin ƙashi, ga yayyafi, kuma a lokacin ake jarrabawar zangon farko. A irin wannan lokaci ciwon ciki ya kayar da ni har aka yi mini tiyata. 'Yan ɗakinmu suka raba kwana a asibiti. Wani abokin ajinmu ɗan Indunusiya, wanda ba ma haɗa ko kalma ɗaya sai da Larabci, ya riƙa zuwa da taƙaitaccen muƙarrar, wato littafin darasi, da ya rubuta da hannunsa, yana karanta mini ina kwance. Wani Basanagale kuma ya riƙa karɓar haddata kullum bayan magariba don kada jarrabawar Alƙur'ani ta baki ta kuɓuce mini. Na ci wannan shekarar, kuma na san da hannun wa na ci ta.

Masarawa ma suna da haƙƙi a kaina. Mai gadin gidanmu da ke ce mana 'ya'yansa, da mai kantin littattafai a bayan masallacin Azhar da ke ba ni bashi ba tare da ya rubuta ba, da bayin Allah masu shimfiɗa teburan buɗa baki a titi duk Ramadan, ba su tambayar ƙasarka balle sunanka. Malamaina na kulliya da na zauren masallaci, musamman dattijon da ya ji na ce daga Sakkwato nake ya ce ƙasar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya matsar da ni kusa da shi, Allah ya ƙara musu lafiya.

Inna, ke kika sayar da tumakinki lokacin kuɗin jirgi. Baba, ka ce in yi karatu kawai, sauran naka ne, kuma ka cika. Ba ni da bakin gode muku, Allah ya ba ni ikon kyautata muku.

Roƙona ga 'yan uwa: duk mai ɗa ko ƙane a can, in zai aika saƙo ya ƙara mudu ɗaya, domin ɗaki guda ne zai ci. Akwai ɗalibin da zai koma ƙarshen wata, ya yarda ya ɗauki busasshen kaya marar nauyi, kilishi, kuka, kuɓewa, garin ɗanwake. Mai buƙata ya same ni a gida bayan la'asar.

Allah ya ba waɗanda suka rage sa'ar jarrabawa, ya dawo da su ga iyayensu lafiya. Amin.