Ku karanta abin da apt update ya rubuto har ƙarshe

Ƙannena masu koyon kula da sabar Ubuntu ko Debian, idan sabar tana bayan katangar tsaro mai tsauri, kada idonku ya bar allo har sai apt update, umarnin da ke sabunta jerin manhajojin da sabar za ta iya girkawa, ya gama magana. Ni na yi sakaci a nan, kuma na ji jiki.

Katangar ofishinmu ta toshe duk hanyar fita, sai ta furoksi kawai, wato kwamfutar da ke tsakaninmu da intanet. Na saka adireshin furoksin a saitin http_proxy, na gwada da curl, umarnin ɗauko shafin intanet, shafi ya buɗe, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe sudo, wanda ake gudanar da apt da shi don samun cikakken iko, yana share irin wannan saitin kafin ya gudanar da umarni, don haka apt bai taɓa sanin akwai furoksi ba. Ya kasa isa archive.ubuntu.com da security.ubuntu.com, ya rubuta gargaɗi mai harafin W cewa zai ci gaba da tsohon jerin manhajojin da ke hannunsa. Ni kuwa apt upgrade ya ce min babu abin sabuntawa, hankalina ya kwanta. Haka sabar ta yi watanni ba ta karɓi gyaran tsaro ko ɗaya ba, alhali bayanan mutane ne a cikinta. Har yau abin yana damuna.

Gyaran layi biyu ne. Ku buɗe sabon fayil a /etc/apt/apt.conf.d/, ku rubuta adireshin furoksin a Acquire::http::Proxy da Acquire::https::Proxy. Sannan ku sake apt update, ku tabbata kowane layi ya fara da Hit ko Get, ba Err ba.

Kuskure na biyu ya fi muni. Na ƙara ma'ajiyar wata manhaja, apt ya ce NO_PUBKEY, wato ba shi da makullin tantance sa hannun ma'ajiyar, saboda katangar ta rufe ƙofa 11371 da ake karɓo makulli ta cikinta. Cikin gaggawa na rubuta trusted=yes, wanda ke sa apt ya amince da ma'ajiyar ko bai tantance sa hannunta ba, kukan ya tsaya. Don Allah kada ku yi wannan. Sa hannun da ke jikin fayil ɗin InRelease shi ne shaidar cewa ba wanda ya taɓa kayan a hanya, kuma duk abin da apt ya girka da ikon root, wato cikakken iko a kan sabar, yake girka shi. Ku sauke makullin ta https daga masu manhajar, ku ajiye shi a /etc/apt/keyrings, ku nuna shi da signed-by.

Ku duba agogon sabar ma. In an toshe ƙofa 123 da ake daidaita lokaci ta cikinta, agogo na iya kaucewa har apt ya ce lokacin fayil bai yi ba tukuna.

Kuma ku je wurin mai kula da katangar, ku yi masa bayani cikin mutunci. Sunaye za ku ba shi, ba lambobin IP ba, domin lambobin deb.debian.org suna canjawa. In sabar tana da yawa, ku roƙi a buɗe wa guda ɗaya mai apt-cacher-ng, manhajar da ke ajiye abin da aka sauke, sauran su riƙa ɗiba daga gare ta ta ƙofa 3142.