Ranar da na gane cewa gilandin jiki suna sauraron juna

Farkon karatunmu na sinadaran homon, wato saƙonnin da wasu gaɓoɓin jiki da ake kira gilandi ke aikawa ta cikin jini, hadda kawai na yi. Fitutari tana ƙasan ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Tayiroyid yana gaban wuya, adirinal guda biyu suna zaune a kan ƙoda, fankiriyas kuma a bayan tumbi. Na ci jarrabawa da wannan haddar, amma ban fahimci aikin ba sai ranar da malamarmu ta miƙo mini takardar gwajin jinin wata baiwar Allah a ɗakin duba marasa lafiya.

Matar ta ce kullum a gajiye take tashi. Sanyi take ji ko da kowa na gumi, jikinta na ƙara nauyi alhali ba ta ƙara cin abinci ba, gashinta kuma yana zuba. Har yanzu ina tuna muryarta a dushe, da yadda take jan magana a hankali. A takardar, sinadarin TSH ya hau sama sosai. Ban tsaya tunani ba na ce tayiroyid ɗinta ne ke aiki fiye da kima.

Malama ta dube ni ta ce, “Sake dubawa. Wa yake fitar da TSH ɗin?”

Fitutari ce. Aikinta ta riƙa ɗanɗana jini, in ta ji homon ɗin tayiroyid ya yi ƙasa sai ta ƙara aika TSH don ta zaburar da shi, in ya wadatu ta sassauta. Ashe hawan da na gani kiran da fitutari ke ta kwaɗawa ne, tayiroyid ya kasa amsawa. Da na bi karatuna na farko, da na juya ciwon matar kai a ƙasa. Wannan ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

A 1905 ne masanin nan na Ingila, Ernest Starling, ya fara amfani da kalmar homon, daga wata kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa. Suna ne mai kyau, sai dai a ganina rabin labarin ya faɗa, domin sanin lokacin yin shiru ma babban aiki ne a wannan tsari.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne wajen magungunan siteroyid irin su firednisolon. Mutum ya yi makonni yana sha, ƙwaƙwalwa za ta ga kamar kotizol, homon ɗin da adirinal ke fitarwa wanda maganin ke kama da shi, ya wadatu a jini, fitutari ta rage aika saƙo, adirinal su kwanta barci. Ranar da ya yanke maganin farat ɗaya saboda ya ji sauƙi, ba za su farka nan take ba. Matsin jini zai iya sauka, ga amai da kasala mai tsanani, wani lokaci har a rasa rai.

Shi ya sa yanzu in likita ya rubuta a rage maganin kaɗan-kaɗan, ba na miƙa takarda in wuce. Nakan zauna da mara lafiya mu bi ranakun ɗaya bayan ɗaya, in sa ya maimaita mini da bakinsa ƙwaya nawa zai sha a kowane mako kafin ya tafi.