Yaran da suke so in zama Coodie ɗinsu

Shagona yana Agege a Legas, ba nisa da gadar Pen Cinema. Kyamara biyu ce da ni, da kwamfutar tace hoto, sai ƙaramin janareton da ya fi kowa aiki. Abincina a biki yake: ɗaurin aure, kamu, suna, walimar sauka. Bidiyon waƙa kuwa na samarin unguwa ne, masu gambarar zamani da suke gauraya Hausa da Yarbanci da Buroka, kuma rabinsu bashi suke ci.

A Fabrairun 2022 Netflix ta saki jeen-yuhs, fim ɗin tarihin mawaƙin Amurka Kanye West wanda abokinsa mai kyamara, Coodie, ya ɗauka, kashi uku, kowane mako ɗaya. Da yake ni ke da wuta da data, sai yaran suka mayar da shagon gidan kallo.

Kashin farko ne ya tayar da ƙura. Ga Kanye ya riga ya haɗa wa Jay-Z kiɗa a 2001, amma a kamfanin waƙa na Roc-A-Fella ba wanda ya ɗauke shi mawaƙi. Yana bin ofis-ofis yana kunna musu waƙarsa, ma'aikata na ta harkar gabansu kamar ba da su yake ba. Wani yaro ya miƙe yana bugun ƙirji, wai wallahi haka aka yi masa a wani situdiyo a Surulere. Aka yi masa dariya, aka ce kai ai da gaskiyarsu. Da aka zo wurin mahaifiyar Kanye, Donda, tana rera masa baitinsa da ta haddace, shagon ya yi tsit, don kowa ya san ta rasu a 2007. Mai bugun ƙirjin nan ya fita waje, wai zai amsa waya.

A kashi na biyu aka nuna Kanye bayan hatsarin motar 2002, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya amma bai fasa waƙa ba, har kundinsa na farko ya fito a 2004. Na uku, na bayan ya yi suna, shi ne ya raba kawuna. Wasu suka ce kuɗi ne suka lalata shi, wasu suka ce ciwo ne, a yi masa uzuri. An kai sha biyun dare ana musu.

Ni duk ba nan hankalina yake ba. Mai kyamarar nake kallo, Coodie, wanda ya fara ɗaukarsa a Shikago tun 1998, ya adana kasa-kasan nan sama da shekara 20. Duk mai wannan sana'a ya san ɗauka ba ta da wuya, ajiya ce aiki. Biki ɗaya yana cinye wuri mai yawa, faifan ajiya a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta, ba arha ba, ga danshin Legas, ga wutar da ke dawowa da ƙarfi ta ƙona kaya. Al'adata, in na miƙa wa amarya aikinta, bayan wata uku gogewa nake yi. Kuma wurin da ya fi burge ni shi ne inda Coodie ya kashe kyamarar da kansa, da ya ga abokinsa Kanye ya fara sakin zance. Ni ma nakan sauke tawa a gidan biki idan dangi suka fara tone-tone.

Washegari mutum huɗu suka zo. "Oga, ka riƙa bin mu da kyamara, in mun fashe kai ma ka fashe." Na ce to, wa zai sayi faifan? Aka kalli juna. Mai bugun ƙirjin ne kaɗai ya dawo da rabin kuɗin, na cika.

Wata bakwai ina bin sa ranar da ba ni da biki. Na ɗauke shi a cikin danfo, motar haya ta Legas, yana rubutu a waya, na ɗauki babarsa tana suyar waina tana cewa, "Malam, ka ja masa kunne ya nemi sana'a." Yanzu tumatir yake saukewa a Mile 12, ya bar waƙa. Tsohuwar ta rasu bara. Bayan sadakar arba'in ya zo shago, ya daɗe a zaune, sannan ya ce, "Oga, wancan faifan yana nan?" Na jawo durowa na miƙa masa.