Ɓawon ƙwai na je nema, na dawo da farce

A Kaltungo aka haife ni, kuma ruwan rijiyar can na sha har na kai shekara tara. Duk wanda ya san yankin ya san abin da nake nufi. Ruwan ƙasar yana da sinadarin fuloraid da yawa, yaron da ya sha shi lokacin da haƙoransa ke haɗuwa a cikin dasashi sai su fito da zane-zane ruwan ƙasa. Nawa na sama guda shida haka suke. A makarantar kwana 'yan ajinmu sun sa mini suna "Mai goro", alhali ban taɓa cin goro ba. Asuwaki, gawayi, toka, lemun tsami da gishiri, babu wanda ban gwada ba. Tabon a jikin haƙorin yake, buroshi ba ya isa wurin.

Bara na fara ganin tallan biniya a Instagram, wato ɗan ɓawon tangaran da ake liƙa wa a fuskar haƙori. Wanda ya ɗauki hankalina shi ne siririn, irin su Lumineers, da ake cewa ba allura, ba kankare haƙori. Kaurinsa kamar milimita 0.3 ne, kusan ɓawon ƙwai ke nan. Na tara kuɗina na nufi wani likitan haƙori a Abuja, na riga na gama yanke shawara tun daga gida.

Likitan bai yi musu da ni ba. Ya ɗauko wani samfuri siriri ya ɗora mini a haƙori ɗaya, ya miƙo madubi. "Hajiya, duba da kanki." Na duba. Tabon nan yana nan yana leƙowa ta cikin tangaran ɗin, kamar an yafa farin gyale mai shara-shara a kan jar atamfa. Ya cire, ya ɗora mai kauri, wanda ya kai milimita 0.7, sai tabon ya ɓace.

Na ce, "To Likita, a liƙa mai kaurin mana, amma kar a taɓa haƙorin." Ya yi dariya. Ya ce in aka ɗora kauri a kan haƙorin da ba a rage ba, zai turo leɓe gaba, kuma bakinsa zai bar wani ɗan tudu a gindin dasashi inda abinci zai riƙa maƙalewa har dasashin ya kumbura. Dole a kankare kamar rabin milimita, kaurin farce, don a sama masa wurin zama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne farin rufin nan na haƙori ba ya sake tohowa. In aka kankare, an kankare ke nan. Bayan shekara goma ko goma sha biyar, idan biniyar ta tsage ko ta ɗago, wata za a sa, babu komawa haƙorin da Allah ya ba ni.

Mako uku ina juya maganar. A karance-karancen da na yi na gano cewa wani likita a Kalifoniya, Charles Pincus, shi ya fara wannan abu a 1928 don 'yan fim, kuma a lokacin liƙawa ake yi na ɗan lokaci, a gama ɗaukar hoto a cire. Sai a farkon shekarun 1980 aka gano yadda za a karce cikin tangaran da asid ya kama haƙori da gaske. Kuma gam ɗin ya fi kama farin rufin fiye da naman haƙorin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa likita mai hankali ba ya zurfafa kankara. A nan siririn ya yi fice, ba na musu. Amma wa yake yi wa amfani? Mai ƙananan haƙora, mai ɗan gutsure a gefe, mai launin da dama bai yi duhu ba. A taƙaice, wadda murmushinta ya riga ya yi kyau. Mai tallan ba ta faɗi wannan ba.

Inda muka yi rigima shi ne wushirya. A zanen da ya yi a kwamfuta, likita ya toshe mini ita, wai haka yawancin masu zuwa suke so. Na ce kul! Wushiryar da kakata take yi mini waƙa a kanta? Ya gyara zanen yana girgiza kai.

Na zaɓi mai kaurin, guda shida. An yi mini allura, na ji ƙarar injin har cikin ƙwaƙwalwa, da wani ɗan ƙauri kamar ana babbaka ƙaho. Da na taɓa haƙoran da harshe bayan an gama, suna kaushi kamar alli, nan kam hawaye suka zo. Mako biyu na yi da na wucin gadi kafin na gaskiyan su iso, ruwan sanyi in ya taɓa su sai na dafe kai. Yanzu wata takwas ke nan, wannan ya wuce.

Dokoki kuma aka jero mini: ban da tauna ƙashi, ban da ƙanƙara, ban da buɗe leda da haƙori, ban da ɓantarar rake da na gaba. Na je gida da sallah, Umma ta riƙe haɓata ta juya ni wajen haske ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Sun yi kyau. Allah ya so ki da ba ki bari sun taɓa wushiryar ba." Da yamma aka kawo rake, ta ɗauki wuƙa ta feƙe mini nawa, ta yayyanka ƙanana a faranti kamar na jikokinta, tana mita wai ni da kuɗina na sayo haƙoran da ba sa aiki.