Disamba a Ingila, kowa da abin da ya fi so a shekara

Duk mai shirin tahowa Ingila maganar sanyi ake masa da tsadar haya, kuma gaskiya ne, amma da wuya ka samu mai gaya maka cewa Disamba a nan watan tambayoyi ne. Daga ƙarshen Nuwamba har shekara ta fita duk inda ka zauna sai an tambaye ka wace waƙa ka fi ji bana, wane fim ya burge ka, yaranka wane gem, wato wasan bidiyo, suke bugawa, me za ka saya wa wane. Ni aikin kula da tsofaffi ne ya kawo ni Sheffield, kuma abin da na lura da shi shi ne ta nan mutanen nan suke buɗe maka ƙofa. Ba za su tambaye ka albashinka ba, iyali ma sai kun saba sosai, amma waƙa da fim da ƙwallo fili ne na kowa, in ka amsa da gaske to ka shiga hira, in ka ce ba komai a bar ka kai kaɗai da kofin shayinka.

Dalili ma a fili yake. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ka fita aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu, kowa na ɗaki da waya ko talabijin.

Na fara da waƙa don nan abin ya fi taɓa ni. Da Spotify, manhajar jin waƙa a waya, ya saki Wrapped ɗin nan, wanda yake lissafa maka waƙoƙin da ka fi saurara a shekara, sai ka ga ɗakin hutunmu ya rikice, 'yar Filifin na nuna nata, 'yan Indiya biyu na gardama a kan nasu, ɗan Zimbabuwe ya miƙo min abin kunne wai sai na ji ta farko a jerinsa, ni ma aka ce sai na nuna nawa, kuma wallahi ranar ce karon farko da na ji ana tambayata wani abu da ba jadawalin aiki ba. Turawan kuma abin da ya dame su shi ne wace waƙa za ta zo ta ɗaya a jadawalin ƙasa a makon Kirsimeti, abin da muhimmanci a wurinsu sosai, har yanzu ana labarin Last Christmas da ta fito a 1984 amma ba ta samu wannan matsayin ba sai 2023, shekara 39 kenan. To amma in ka tambaye ni waƙar da na fi so bana, ba ta cikin wayata. Akwai wata dattijuwa da nake kula da ita, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, 'yarta ta cikinta ma wani lokacin ba ta gane ta, amma da yaran makarantar firamare suka zo suka yi musu waƙoƙin Kirsimeti sai ga ta tana bi baiti baiti ba ta ɓata ko ɗaya ba, tana buga hannu a kan kujera. Bikin ba nawa ba ne, ni Musulmi ne kuma kowa a wurin ya sani, amma na tsaya a bayan kujerarta har aka gama, kuma tun ranar in zan shirya ta da safe rediyo nake fara kunnawa, ta fi natsuwa sosai.

Gem kuma ɗana ne malamina. Shi ya gaya min akwai wani biki da ake yi a Amurka duk Disamba, The Game Awards, tun 2014, inda ake zaɓen gem ɗin shekara, kuma Astro Bot ne ya ci a 2024. Shi dai nasa ƙwallo ne, wanda da ake kira FIFA aka canza masa suna zuwa EA Sports FC a 2023. Lokacin da muka zo yaron nan shiru yake dawowa daga makaranta, ba ya cewa komai, har abin ya fara damun mahaifiyarsa. Ta gem ɗin nan ya yi abokai, wani ɗan ajinsu ya ce su haɗu a intanet da yamma su buga, shi ke nan, yanzu Turancinsa har ya fi ƙarfina. Shi ya sa ba na cikin masu cewa gem ɓata lokaci ne kawai. Abu biyu dai nake gaya wa duk sabon zuwa mai yara. Ka duba lambar PEGI a jikin kwalin, 3, 7, 12, 16 ko 18, shekarun da ya dace yaro ya kai kenan, kuma ba ado ba ne, doka ta hana a sayar wa yaro na 12 zuwa sama in bai kai ba. Sannan kar ka bar katin bankinka a maƙale a na'urar, don a cikin gem ɗin ma ana sayar da abubuwa.

Fim ba ni da dogon bayani, sinima sai jefi jefi. Abin da ya amfane ni shi ne kallon shirye-shiryensu da rubutu a ƙasan allo, don maganar mutanen Yorkshire, yankin da Sheffield take, daban take da Turancin makaranta, ta nan kunnena ya buɗe. Ranar 25 ga wata kuma ƙarfe 3 na rana duk tsofaffin sai a jera su gaban talabijin don jawabin Sarki, al'adar da George na Biyar ya fara ta rediyo a 1932, daga nan sai tsoffin finafinai har dare. Ina yawan karɓar aikin ranar don abokan aikina su zauna da iyalinsu, su ma suna riƙe min in ina da tawa buƙatar, sai dai ka shirya yadda za ka je tun da wuri don jirgin ƙasa ba ya aiki ranar, manyan shaguna ma a rufe suke.

Sai maganar kyauta, wadda ita ce ta fi ba sabon zuwa tsoro. A wurin aiki ana yin Secret Santa, a rubuta sunan kowa a takarda a zuba a kwano, wanda ka ciro shi za ka saya wa ba tare da ya san kai ne ba, kuma ana saka iyaka, mu fam 10 ne. Tun farko na gaya wa manaja ba na shan giya ba na kuma saya wa wani, ta ce ba matsala, ta ma rubuta a takardar. Gara ka faɗa a fili, suna girmama hakan. Abin da aka taɓa ba ni safar hannu ce irin wadda take taɓa allon waya, har yau ban san wa ya saya ba, amma ko waye ya lura da ni a tashar bas ina cire safa cikin sanyi duk lokacin da aka kira ni. Wannan ne ya tsaya min a rai, wato akwai mai kallon halin da nake ciki. Kuma in za ka sayi kaya ka ce a ba ka rasit na kyauta, babu farashi a jiki, in bai yi wa mutum daidai ba ya je ya canza.

Inda nake jin zafin abin shi ne yara. A Janairu in aka koma makaranta kowa na faɗin abin da ya samu, ɗiyata ta taɓa tambayata, Abba ni me zan ce? Sai muka yanke da mahaifiyarsu cewa kowa zai samu kyautar ƙarshen zango in ya yi ƙoƙari, kuma muna jira sai 26 ga wata, Boxing Day, lokacin da ake karya farashi. Bashi dai ba ma ci a kan wannan, tsarin nan na ɗauki yanzu ka biya daga baya yana da daɗin shiga, amma na ga abokan aiki da suke neman ƙarin aikin dare har Maris saboda shi.

Bana a Secret Santa sunan mai dafa abincin gidan tsofaffin na ciro. Tana tsaye tun asuba, na sha jin tana cewa bayanta na ciwo, don haka ina tsakanin robar ruwan zafi ta gasa baya da kuma kofi mai riƙe zafi, tunda shayinta kullum sai ya huce kafin ta samu ta sha. Matata ta ce kofin, ni kuma robar na fi karkata, zuwa Juma'a dai dole in kai.