Inda Muka Kai a Miƙa Sanda

'Yan'uwa masu koyon horar da yara guje-guje, ga inda aikinmu ya tsaya a wannan hunturun. Mun ɗan ajiye dogon tsalle, mun duƙufa kan tseren miƙa sanda na mutum huɗu, kowa mita 100. Dalili kuwa shi ne yaranmu 'yan shekara 11 zuwa 15 suna da gudu, amma sandar ce ke cinye musu lokaci.

Kayan aiki ba su ci kuɗi ba. Bututun roba na ruwa muka sayo a kasuwar Kofar Ruwa da ke Kano, aka yanka mana shi santimita 30, daidai tsawon da doka ta yarda, wato tsakanin 28 da 30. Filin makaranta ne, ƙasa ce zalla, da toka muke shata layi. Muna haɗuwa yammacin Alhamis da Juma'a, tunda babu Islamiyya, sai kuma safiyar Asabar.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne waiwaye. Yaro zai fara gudu, ya ji takun ɗan'uwansa a baya, sai ya juyo ya ga ko sanda ta iso. Da ya juyo, gudunsa ya mutu, hannunsa ya karkace, sanda ta faɗi. Saboda haka muka koma tushe: su jeru a tsaye, mai bayarwa ya ce "hannu!", mai karɓa ya miƙa hannu baya, tafin a buɗe, idonsa na gaba. Daga tsaye sai tafiya, daga tafiya sai sassarfa. Ba na barin kowa ya gwada da cikakken gudu sai hannun ya saba. Na farko yana riƙe da dama, ya sa a hagun na biyu, na biyu ya sa a daman na uku, na uku ya sa a hagun na ƙarshe, don kada wani ya ɓata lokacin sauya hannu ko ya taka ƙafar wani.

Sai maganar alama. Wurin musayar sanda mita 30 ne, idan aka miƙa a wajensa an cire ƙungiya daga tsere. Mai karɓa yana auna taku daga inda yake tsaye zuwa baya, ya sa alama, da mai zuwa ya taka ta sai ya arce. Kowane yara biyu da tasu alamar, domin gudun kowa daban. Ina rubuta ta a littafi, ina ƙara taku ɗaya ko in rage gwargwadon yadda suka haɗu. Wannan aikin yana son haƙuri, amma ranar da ya faɗa daidai za ku ga sanda ta wuce kamar ba a taɓa ta ba.

Nakan ba su labarin Japan a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Babu ko ɗaya a cikin huɗun da ya taɓa gudun mita 100 ƙasa da daƙiƙa 10 a lokacin, amma suka zo na biyu bayan Jamaika, saboda iya miƙa sanda. Mu ma Najeriya mazanmu sun ci azurfa, matanmu tagulla a wannan tseren a Basalona a 1992.

'Yan matanmu sun riga mazan kama abin. Suna gudu da dogon wando da ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin riga, kuma iyaye sun natsu tunda wata malama tana tare da su.

Ƙurar hunturu na sa wasu tari, don haka muna tsawaita ɗumama jiki, masu asma kuma su huta idan hazo ya yi yawa. Abin da ya rage shi ne gudu a kwana, wato inda hanyar gudu ke lanƙwasa. A filinmu ba mu da lanƙwasa ta gaskiya, shi ya sa muke neman izinin gwaji a filin wasa na Sani Abacha da ke Kofar Mata kafin gasar makarantu. Wanda ya san yadda ake shata kwana a ƙasa da igiya da turke, don Allah ya koya mana.