Ranar da majinar yaron gado na uku ta canja launi

Laraba, bayan isha'i.

Na idar da salla, ƙafafuna sai zogi suke, barci kuma ya ƙi zuwa. Bari in sauke abin da ke raina a nan.

Takwas saura na karɓi aiki a ɗakinmu na jarirai masu buƙatar kulawa ta musamman. Sistar da ta kwana tana ba ni rahoto, da muka iso gado na uku sai ta rage murya ta ce, "Yaron nan naki bai yi min ba tun asuba." Bakwaini ne, an haife shi a mako na 30 na ciki, nauyinsa kilo 1.2. Kwanansa 6 a duniya, 5 daga ciki injin numfashi ne ke hura masa huhu. Jiya na bar shi a kan oksijin kashi 30 cikin 100, yau na tarar an kai shi 55, duk da haka lambar da ke allo mai nuna yawan oksijin a jininsa sai ta hau ta sauko. Da na zura siririn tiyo na zuƙo masa majina, gabana ya faɗi. Jiya fara ce tsinkakkiya, yau ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa. Jikinsa bai yi zafi ba, sanyi ma ya yi. Haka bakwaini suke, sau da yawa ba sa zazzaɓi, sai dai ka ga sun yi laƙwas, bugun zuciya yana raguwa, numfashi yana ɗaukewa.

Dakta ta sa aka ɗauki hoton ƙirji. Wani farin tabo ya bayyana a huhun dama, wanda babu shi a hoton ranar Lahadi. Aka ɗebi jini da majina zuwa ɗakin gwaji, aka fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta ba tare da jiran sakamako ba. Namoniya ce, irin wadda ke kama mai jinya bayan ya yi awa 48 ko fiye a kan inji. Wato ba da ita ya zo ba. A hannunmu ya same ta, kuma wannan ne ya tsaya min a rai yini guda.

Bayan azahar kakarsa ta tare ni a bakin ƙofa, carbi a hannu. Ta ce, "Sista, ni fa tun ranar farko na faɗa. Yaro daga shi sai famfas da hula, ga hunturu, yaya sanyi ba zai shige shi ba?" Na ce, "Hajiya, zo ki gani." Ta wanke hannu, na sa ta taɓa gefen kwalbar da yake ciki, ta ji ɗumi. Sai na nuna mata bututun injin numfashi da ya shiga ta bakinsa. Na ce ni da ita in muka shaƙi iska, hanci yana tace ta, in wani abu ya sarƙe mu kuma mu yi tari. Shi wannan bututun ya wuce duk waɗannan ya zarce maƙoshi kai tsaye, kamar a tokare ƙofar ɗaki a bar ta a buɗe dare da rana. Ba don bututun ba da yanzu babu shi, amma ta nan ciwon ya bi. Ta yi shiru, can ta ce, "To 'yar nan, Allah Ya ba ku sa'a."

Akwai abin da ban tsaya yi mata bayani ba. Bututun manya yana da 'yar balan-balan a ƙasa da ake hurawa ta toshe gefe. Na jarirai irinsa galibi ba shi da ita, saboda maƙoshinsu bai jure matsi. Don haka yawu da abin da ya taso daga ciki suna iya silalewa ta gefen bututun su gangara huhu kaɗan-kaɗan, ba wanda ya gani. Cikin bututun ma ƙwayoyin cuta suna manne masa su yi wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa. Kowace rana da ya ƙara a kan inji, haɗarin ƙaruwa yake. Ranar Lahadi kuma bututun ya zame aka sake sa wani, kuma duk sake sawa dama ce ta tura abin da ke baki zuwa ƙasa. Ga shi mafi yawan garkuwar da uwa ke ba ɗanta ta mabiyiya a watanni ukun ƙarshe take wucewa, shi kuwa ya fito tun kafin ya gama karɓar rabonsa. Har maganin rage tsamin ciki Dakta ba ta yarda a ba su barkatai, domin tsamin nan shi ke kashe ƙwayoyin cuta a tumbi.

Ƙwayoyin da muka fi jin tsoro a ɗaki irin namu su ne Klebsiella da Pseudomonas da Acinetobacter da Staphylococcus aureus. Wasunsu sun saba da magunguna har ba sa jin su, kuma maganin da suke ji tsada gare shi. Uban yaron nan ɗinki yake yi. Na ga yadda ya daɗe yana kallon takardar magani kafin ya ninke ta ya sa a aljihu.

Wajen la'asar na ga abin da ya sa na sake tuna maganar Hajiya. Iskar da injin ke turawa ana ɗumama ta a jiƙa ta da tururi. In ɗaki ya yi sanyi, tururin sai ya koma ruwa ya taru a lanƙwasar tiyon da ya haɗa injin da bututun bakinsa. Wata ɗaliba ta zo za ta juya shi, ta ɗaga tiyon sama, ruwan ya fara gangarowa wajen bakinsa. Na riƙe hannunta na ce, "Tsaya ƙanwata, a fara tsiyaye wannan tukuna, kuma nesa da shi." Ba ta san ruwan nan matattarar Pseudomonas ne ba. Ni ma na tsaya ina tambayar kaina, a kwana biyar ɗin nan sau nawa na juya shi cikin gaggawa ban duba tiyon ba? Ashe sanyin hunturu yana da hannu, ko da ba ta hanyar da Hajiya take nufi ba.

Sai hannuwanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsaftace hannu ya ɗauki daƙiƙa 20 zuwa 30 in da man goge hannu ne, 40 zuwa 60 in da sabulu da ruwa ne. Mu biyu ne yau a kan jarirai 11, famfo ya ɗauke tun hantsi, sai bokiti da moɗa. In ƙararrawa biyu suka yi kuka lokaci guda, daƙiƙa 40 tana da tsawo. Amma ba zan fake da wannan ba, domin yaron ba ruwansa da ƙarancin ma'aikata. Na roƙi Metiron, shugabarmu ta ma'aikatan jinya, a ɗaura kwalbar man goge hannu a jikin kowane gado maimakon guda ɗaya a bakin ƙofa, ta ce za ta duba sito gobe.

Kafin in tashi na ɗan ɗaga kan gadonsa, na gyara filastar da ke riƙe da bututun. Mahaifiyarsa ta shigo tana takawa a hankali saboda ɗinkin da aka yi mata, riƙe da ɗan kofi mai murfi, nonon da ta tatsa bai fi cokali biyu ba. Ta ce min tana jin kunyar ƙanƙantarsa. Na dangwala auduga mai tsinke na ba ta ta shafa masa a cikin kumatu da kanta, na gaya mata garkuwar da ke cikin nonon tana taimakawa wajen hana ƙwayoyin cuta zama a bakinsa. Ya motsa leɓe. Ta ce, "Anti, ya ji ɗanɗano?" Na ce ya ji.

Sakamakon gwaji sai nan da kwana biyu ko uku. Dakta ta ce da zarar oksijin da yake buƙata ya sauko za a gwada cire bututun a mayar da shi kan tiyon numfashi na hanci. Da na fito yana kan kashi 50. Na bar wa sistar dare takarda a jikin kwalbarsa cewa a tsiyaye tiyo kafin a juya shi. Allah Ya tashi kafaɗarsa. Gobe ma safe nake.